Ganuwar Château Gaillard ta Ƙasar Faransa: Tarihinta da Matsayinta

Gabatarwa

Kalmar "château" ta Faransanci ta samo asali ne daga kalmar Latin "castellum", wato ƙaramin sansanin yaƙi. Idan mai fassara ya ce "ganuwa", to ya kusanci ma'anar ne kawai, domin ganuwa irin ta Kano ko Zariya takan kewaye gari ne baki ɗaya, da mutanensa da gonakinsa. Shi kuwa "château" na tsakiyar zamani gida ne na basarake da mayaƙansa, wanda aka gina da dutse don tsare wata hanya ko iyaka, talakawa kuma suna zaune a wajensa. Tarihin Château Gaillard, wanda ake furtawa Shato Gayar, ya fito da wannan bambanci fili, shi ya sa aka zaɓe shi a wannan darasi.

Dalilin Gina Ta

A ƙarshen ƙarni na 12, yankin Nomandi da ke arewacin Faransa yana hannun Sarkin Ingila, Richard na Ɗaya, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Zuciyar Zaki. Sarkin Faransa, Filib na Biyu, yana neman ƙwace yankin, hanyarsa kuwa zuwa Rouen, babban birnin Nomandi, ita ce kwarin Kogin Sen. Saboda haka Richard ya zaɓi wani tsauni mai tsawon kimanin mita 90 a bakin kogin, kusa da garin Les Andelys, ya fara gini a shekarar 1196. Filin mallakar Babban Limamin Kirista na Rouen ne, wanda ya fusata har ya hana gudanar da ibadun coci a Nomandi, sai a 1197 aka sasanta bayan an ba shi wasu garuruwa a madadin filin. A cikin shekara biyu kacal aka kammala aikin, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

An tsara ginin farfajiya uku a jere, da ramuka masu zurfi da aka sassaƙa a cikin dutse. Duk wanda ya ci ta farko sai ya tarar da ta biyu, bayanta kuma ga ta ciki, wadda ke ɗauke da babbar hasumiya. Bangon farfajiyar cikin an yi shi ne lanƙwasa-lanƙwasa, don maharba su iya hango duk wanda ya raɓe a gindinsa.

Ƙawanyar 1203 zuwa 1204

Richard ya rasu a 1199, ƙanensa John ya gaje shi. A 1203 Filib ya yi wa ganuwar ƙawanya. Mutanen garin da ke gindin tsaunin suka gudu ciki neman mafaka, amma da shugaban mayaƙan, Roger de Lacy, ya ga abinci ba zai kai ba, sai ya kore su waje. Da farko Faransawa sun bar wasu sun wuce. Daga baya Filib ya hana, da nufin a mayar da su ciki su cinye abincin masu tsaro. Na ciki suka ƙi buɗe ƙofa. Ɗaruruwan mutane, har da mata da yara da tsofaffi, suka yi watannin hunturu a tsakanin rundunonin biyu, da yawansu yunwa da sanyi suka kashe su kafin Filib ya ba da umarnin a ciyar da sauran. A nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi nazari, domin a mizanin yaƙin lokacin de Lacy bai saɓa wa aikinsa ba: an ba shi amanar ginin ne, ba a ba shi ta mutanen ba.

Faransawa sun haƙa rami a ƙarƙashin wata hasumiya ta farfajiyar farko, suka tokare da itace, suka cinna wuta, bangon ya rufta. Ta biyu kuwa ta wajen ɗakin ibada da John ya ƙara ginawa aka kutsa cikinta. A ranar 6 ga Maris 1204 ganuwar ta faɗi. John ya riga ya koma Ingila tun Disamba 1203, bayan yunƙurin kai agaji ya ci tura. A watan Yuni Rouen ta miƙa wuya, Nomandi ta koma hannun Faransa.

Bayan Yaƙi

An yi amfani da ginin a matsayin kurkuku, inda a 1314 aka tsare Margaret ta Bagandi, matar yarima mai jiran gado, bisa zargin zina, a can kuma ta rasu a 1315. A Yaƙin Shekara Ɗari ya yi ta sauya hannu har Faransawa suka riƙe shi a 1449. Daga bisani Sarki Henri na Huɗu ya ba da izinin rushe shi, aka riƙa kwasar duwatsunsa ana wasu gine-gine. A 1862 ne gwamnatin Faransa ta sanya kufan cikin jerin kayan tarihin da doka ta kare. Har yau bangon farfajiyar ciki da wani sashe na babbar hasumiyar suna tsaye, masu yawon buɗe ido suna ziyartar su.

Auna Fahimta

Yi bayanin abin da kalmar "ganuwa" ta kasa ɗauka daga ma'anar "château", tare da kafa hujja da abin da ya sami mutanen Les Andelys a lokacin ƙawanyar.