Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Abin Yi da Abin Bari

An ɗauke wuta kwamfuta tana tsakiyar aiki, yanzu ta ƙi tashi. Galibi fayilolinka suna nan, tsarin da ke nuna wurin kowanne ne ya rikice. Yawancin asarar da na gani, gaggawar gyara ce ta jawo ta.

Abin da za ka yi

1. Saurari faifan kwamfutar. In yana ƙwas-ƙwas, kashe nan take: ƙarfen ne ke mutuwa, manhaja ba ta da maganinsa.
2. Tayar da kwamfutar daga filashi mai Ubuntu ko SystemRescue. Haka za ka duba faifan ba tare da an yi rubutu a kansa ba.
3. Kwafe shi gaba ɗaya da ddrescue zuwa wani faifan da bai gaza shi girma ba. Wannan matakin shi ne babba. Manhajar gyara tsari take ceto, ba ruwanta da hotunan bikinka, tana iya yanke fayil don lissafinta ya daidaita. A kan kwafin za ka yi gyara.
4. Fara da fsck -n. Zai faɗi matsalar, ba zai taɓa komai ba.
5. In ext4 ne kuma kundin farko na tsarin ya lalace, gwada e2fsck -b 32768. Akasari akwai madadinsa a wurin.
6. Leƙa lost+found bayan gyara. Can ake zuba fayilolin da suka rasa suna.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka saki fsck a ɓangaren da ke buɗe ana aiki da shi. Ɓarna zai ƙara.
2. Kada ka yarda in Windows ya ce a yi fomat, kada kuma ka bar mai gyara ya ɗora sabon Windows. Sabon zai hau kan tsohon.
3. Kada ka juya sunayen faifai a ddrescue. Duba lsblk sau biyu, in ba haka ba wofi zai shafe mai kaya.
4. Kada ka sa chkdsk /r a faifai mai ciwo. Karatun awoyi zai ƙarasa shi.
5. Kada ka taɓa xfs_repair -L ko btrfs check --repair sai ƙwararre ya ce. Ba a dawowa daga gare su.
6. Kada ka ajiye abin da manhajar PhotoRec ta tsamo a faifan da ya fito. Zai danne saura.
7. Kada ka fara babu cikakken caji ko janareta. In wuta ta sake ɗaukewa tsakiyar gyara, ɓarnar ta fi ta farko.