Kafin ka sa wa ɗakin ajiya kwaɗo

Ɗana, mahaifiyarka ta kira ni ta ce za ka saki ɗakin da kake haya a Bronx, ka tafi gida wata uku, kayanka kuma ka zuba su a irin ɗakunan ajiyar nan na haya har ka dawo. Dabarar ta yi, don biyan hayar gida a New York alhali ba kowa a ciki asara ce. Amma ka ba ni aron kunnenka, domin na ga abin da ɗakunan nan suka jawo wa mutanenmu, ni ma ban tsira ba.

Sana'a ce da ta daɗe a Amurka. Kamfanin Public Storage tun 1972 ya fara a Kalifoniya, ga Extra Space, ga CubeSmart, ga U-Haul. Kusan kowace unguwa ka shiga sai ka ga dogon gini mai jerin ƙofofin ƙarfe da ake naɗewa sama. Shiga ba wuya. Katin shaida, katin banki, sa hannu, kafin rabin awa an ba ka lambar buɗe ƙofa. Sauƙin nan shi ke sa mutum ya sa hannu bai karanta takarda ba, kuma duk abin da zai ci ka nan gaba yana cikin takardar.

Kuɗin da ka gani a allo na shigowa ne. Yawancin hayar nan wata-wata ce, don haka suna da damar ƙara farashi bayan sun sanar da kai, kuma sun san wanda ya riga ya jibge gado da katifa ba zai so sake neman mota ya kwashe ba. Ka tambaye su tun ranar farko: yaushe ake ƙari, nawa ne kuɗin buɗe fayil, nawa ne inshora, nawa ne tarar jinkiri. Sannan ka zauna da biro. A ce dala 150 ne a wata, shekara ɗaya ta zama 1,800. Idan kujerunka da katifarka ba su kai haka ba, sayar da su ko ka ba mabuƙaci, ka kama ƙaramin ɗaki don abin da ya cancanci ajiya.

Yanzu ga abin da ya sa na matsu in yi maka magana. Shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo, na tafi gida da niyyar wata biyu, Allah ya yi sai da na yi shida. Na bar kuɗin haya yana fita da kansa daga katin banki, hankalina kwance. Ashe katin ya ƙare aiki a wata na uku. Kamfanin ya aika takardun gargaɗi, amma zuwa gidan da na riga na tashi, don ban canja adireshi a wurinsu ba. Lambar wayata ta nan kuma tana kashe. Da na dawo na hau bene na biyu, na tsaya gaban ɗakina, sai na ga kwaɗon da ke jikin ƙofar ba nawa ba ne. An yi gwanjon kayan, wani ya kama ɗakin. Keken ɗinkina ya tafi, shaddojin goggonka da ta yi shekaru tana tarawa sun tafi. Waɗannan duk mun sayi madadinsu a hankali. Abin da har yau nake jin zafinsa wata ƙaramar jakar fata ce, cikinta wasiƙun da mahaifina ya rubuto mini da ajami, da hannunsa.

Ba su karya doka ba. Dokar jihohin ƙasar nan ta ba mai ɗakin ajiya iko, idan ka daina biya, ya hana ka shiga, ya sanar da kai a adireshin da ka ba shi, in wa'adi ya cika ya sayar da abin da ke ciki. Tsawon wa'adin ya danganta da jiha da abin da ka sa wa hannu. Shirin talabijin ɗin nan na Storage Wars da aka fara a 2010, inda mutane ke rububin sayen ɗakunan da masu su suka kasa biya, ni ba na iya kallonsa. Saboda haka kafin ka hau jirgi, duba ranar ƙarewar katinka. In da hali ka biya watannin gaba ɗaya, ka ƙara wata biyu a kai, don tafiyar gida ba a yanke mata rana. Ba su imel ɗin da kake buɗewa kullum, ka sa sunan wani amintacce a matsayin wanda za a nema in ba a same ka ba. Sa nawa in kana so. Fasfo, takardun zama, shaidar makaranta, zinare, hotunan iyaye, kada ɗaya ya kwana a can.

Sai danshi. Mu da muka taso inda ake jefa kaya a ɗaki shekara guda a tarar da ƙura kawai, ba mu san sharrin laimar ƙasar nan ba. Zafin Yuli da Agusta a nan jiƙaƙƙe ne. Takalmin fata, littattafai, shadda mai sitati, duk funfuna na kama su. In kana da irin waɗannan, ƙara kuɗi ka kama ɗakin da ake daidaita zafinsa da sanyinsa. Guji na ƙarƙashin ƙasa, ka dai tuna yadda ruwan guguwar Ida ya cika ɗakunan ƙasa a birnin nan a Satumban 2021. Shimfiɗa katako kafin ka ɗora kwali, kada komai ya zauna a kan siminti. Tufafi a wanke su bushe sarai, firji a kashe shi ya tsane, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe.

Na san halinmu da guzuri. Daddawa, kuka, kilishi, busasshen kifi, ko ƙulli ɗaya kada ka kai. Takardarsu ta hana abinci, kuma ɓera ba ya tsayawa a kan abin da ya kawo shi, sai ya bi ta kan katifa. Haka fetur da tukunyar gas, an hana.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda akwai kyamara da ƙofa mai lamba, kamfani ne zai biya in an yi sata ko gobara. Wuri kawai suka ba ka haya, amanar kayan tana wuyanka. Karanta inshorar ka ga iyakar abin da za ta biya, ka duba ko ambaliya da ɓarnar ɓera suna ciki, don sau da yawa an cire su. Ɗauki hoton komai kafin ka rufe kwali. Kwaɗo kuma sayi mai zagaye kamar faifai, wanda almakashin ƙarfe ba ya samun inda zai kama.

Girman ɗaki da ƙafa suke aunawa: 5 da 5, 5 da 10, 10 da 10, har sama. Kada ka zaɓa ta waya. Je ka tsaya a ciki, ka shaƙi iskar wurin, ka dubi rufi ko akwai tabon yoyo, ka dubi lungu ko akwai kashin ɓera, ka tambayi ƙarfe nawa suke rufe ƙofa. Ranar fita ma akwai ƙa'ida: ana sanar da su tun da wuri, a share ɗakin, a cire kwaɗo, a karɓi shaidar an rufe hayar, in ba haka ba kuɗi ya ci gaba da fita.

Ka karɓo takardar tasu kada ka sa hannu tukuna. Kawo mini ita ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu bi ta layi-layi, ka zo da jerin kayan da kake son ajiyewa. Allah ya kai ka lafiya, ka gaishe mini da mutanen gida.