Tasirin Asali da Yanayin Rayuwar Ɗalibai ga Ƙwazon Karatu a Makarantun Firamaren Gwamnati na Wurno, Rabah da Goronyo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar da ke tsakanin ire-iren ɗaliban da ke cika azuzuwan firamaren gwamnati a ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo da sakamakon da suke samu a karatu. Ta nuna cewa harshen gida da sana'ar iyaye da jinsi da halin tsaro suna da hannu a makin yaro, don haka auna ƙwazo ba tare da la'akari da su ba na haifar da gurguwar fahimta.

1.0 Gabatarwa

Ilimi ba baƙo ba ne a gabashin Sakkwato. Wurno ribaɗi ce ta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, kuma ƙanwarsa Nana Asma'u ta shahara da ilmantar da matan karkara ta hanyar 'Yan Taru. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi koyarwa kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. Haka kuma a birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999. Duk da wannan tarihi, raunin makarantu ya sa gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2015.

2.0 Harshen Gida da Harshen Littafi

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. A wannan yanki Hausa ake nufi. Sai dai littattafan shirin Mu Karanta!, wanda aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi, da Daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, alhali yaron Wurno da Sakkwatanci ya buɗe baki. A gida yana jin "sunka tahi", a littafi ya tarar da "suka tafi". Yana cewa "hwari" da "shina zuwa", littafi na cewa "fari" da "yana zuwa". Gwajin karatu na ƙananan azuzuwa yakan ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Idan ya ga "muka" ya furta "munka", ya fahimci kalmar sarai, amma mai gwaji da bai san karin harshe ba zai iya lissafa masa kuskure. Ɗan makiyayi mai Fulatanci kuwa nauyinsa biyu ne: koyon Hausa da koyon karatu a lokaci guda.

Akwai kuma makarantar allo. Yaran da suka riga suka saba da baƙaƙen Larabci, masu tafiya daga dama zuwa hagu, sun shigo da wata ƙwarewa wadda jarrabawar boko ba ta aunawa.

3.0 Sana'a, Jinsi da Tsaro

Tattalin arzikin yankin ya rataya ne a kan kogin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo. Noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa yana buƙatar hannuwa da yawa, kuma lokutan dashe da girbi suna faɗowa a tsakiyar zangon karatu. Sunan yaro na cikin rajista, shi kuwa yana fadama. 'Yan mata kuma talla da aikin gida da aurarwa da wuri ke rage yawansu yayin da aji ke ƙara sama, abin da ya sa asusun UNICEF ya tallafa wa iyaye da kuɗi a jihar domin 'ya'yansu mata su zauna a makaranta.

Ambaliyar 2010 da hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, sun tarwatsa iyalai. Makarantar ƙauye takan zama kufai, ta cikin gari kuma ta cika maƙil da yaran da karatunsu ya yanke. Faɗuwar matsakaicin makin irin wannan makaranta na iya zama alamar sauyin ɗalibai, ko da malamai na iya ƙoƙarinsu.

4.0 Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar hukumar SUBEB ta jihar ta riƙa rubuta harshen gidan kowane ɗalibi da sana'ar iyayensa da yawan kwanakin da ya halarci aji, a kuma fassara sakamako bisa waɗannan bayanai. Ya kamata a horar da malamai da masu gwaji kan bambancin Sakkwatanci da Daidaitacciyar Hausa. Wannan aiki na masana Hausa ne, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin su ne suka fi cancanta su tantance inda karin harshe ya tsaya da inda kuskuren karatu ya fara.