Albasar Galmi: Yadda Doka Ke Kare Sunan Amfanin Gona

Idan manomin rani a Gafasa ya sayi irin albasa aka ce masa "'yar Galmi ce", da me zai gane gaskiya? Ba zai gane ba sai bayan watanni, lokacin da ya riga ya zuba kuɗi da gumi. Don magance irin wannan ha'inci ne wasu ƙasashe ke yin dokar kare sunan asali.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarar 1716 aka shata iyakokin yankin Kiyanti a ƙasar Italiya. A yau ba a kiran giyar inabi Chianti Classico sai an nome inabinta a wannan yanki, kuma kashi 80 cikin ɗari, aƙalla, na irin Sanjobese ne. Ke nan sharuɗɗan uku ne: wuri, iri, da hanyar aiki.

A ƙasar Hausa ma an bi wannan sawu. Galmi gari ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Albasarsa shunayya ce, mai yaji, mai jure ajiya. A shekarar 2023 ƙungiyar OAPI, mai ƙasashe 17, ta miƙa wa Nijar takardun shaidar kare sunan wannan albasa da na kilishin Nijar.

Me kimiyya ta ce?

1. Wuri: Tsawon yini ne ke sa albasa ta yi kai. 'Yar Galmi tana yin kai a gajeren yini irin namu. Yajinta kuwa daga sinadaran farar wuta yake, waɗanda saiwa ke samo tushensu daga ƙasa.

2. Iri: Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke yi wa furen albasa barbara. Idan gonar fidda iri tana kusa da wata albasa daban, sai irin ya gauraye. Shi ya sa ake nisanta su.

3. Aiki: Albasar da aka cire kafin ta ƙosa, ko ba a shanya ta wuyanta ya bushe ba, ruɓewa take yi a rumbu.

Saboda haka suna ba ya tsare kansa. Ƙa'ida ce ke tsare shi, tare da masu bin diddigi.

Aikin aji: Ɗalibai su tambayi dattawan Gaya da Ajingi wane amfanin gona ne ƙasarsu ta yi suna da shi, sa'an nan su rubuta masa sharuɗɗan nan uku.