Darasi: Idan An Tuhumi Mutum Da Laifin Zub Da Jini



Da wuya a sami unguwa ko ƙauye a cikinmu da bai taɓa ganin irin wannan rana ba. Rigima ta tashi a kan iyakar gona, ko a wurin biki, ko a bakin kasuwa, kafin a raba an riga an kwantar da mutum cikin jini. Da yamma 'yan sanda su zo su tafi da wani. Daga nan iyalinsa su shiga sintiri, su sayar da akuya da hatsi, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu. Saboda haka darasinmu na wannan wata zai duba hukuncin da doka ta tanada, da haƙƙin wanda aka kama, da hanyoyin da zai bi ya kāre kansa.

Laifuffuka da hukuncinsu

A jihohin Arewacin Nijeriya, dokar da ake kira Final Kod ce tushen shari'ar laifuffuka tun 1960. Waɗansu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta tasu, don haka lambobin sassa da tsawon ɗauri sukan bambanta. Lambobin da za mu ambata na tsohon kundin ne.

Doka ta raba kisan kai gida biyu. Sashe na 221 ya ce wanda ya kashe mutum da niyya, ko kuwa ya san cewa abin da yake yi mai yiwuwa ne ƙwarai ya jawo mutuwa, hukuncinsa kisa ne. In an tabbatar da wannan, alƙali ba shi da ikon sassautawa. Sashe na 222 kuwa ya lissafa kisan da bai kai ga hukuncin kisa ba, wanda horonsa ɗaurin rai da rai ne, ko ƙasa da haka, ko tara, ko duka biyu. Tsakanin waɗannan sassa biyu ne ran mutum yake rataye, kuma a nan ne lauya yake yin yawancin aikinsa.

Wanda ya yi wa wani mummunan rauni da gangan, kamar karya ƙashi, ko fasa ido, ko ɓata fuska, zai iya shan ɗauri har shekara 7. In da makami ya yi, kamar adda ko wuƙa, ɗaurin yakan kai shekara 14. Fashi kuwa yana da dokarsa ta tarayya: ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, in kuma an riƙe makami, ko an ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne.

Matasanmu su lura da sashe na 79. In mutane da yawa suka haɗa niyya suka aikata laifi, doka tana ɗaukar kowannensu kamar shi kaɗai ya aikata. Wanda ya bi taro aka je dukan wanda ake zargi da sata har ya mutu, ba zai tsira da cewa sanda ɗaya kawai ya buga ba.

Haƙƙin wanda aka kama

Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne sai an tabbatar da laifinsa. Nauyin kawo hujja yana kan masu gabatar da ƙara, kuma dole hujjar ta kawar da shakka. Ga abubuwan da ya kamata kowane gida ya sani:

1. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai fahimta ba.
2. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji.
3. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Amma wannan wa'adi bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Belin irin wannan laifi kuwa sai Babbar Kotu, kuma da ƙyar ake bayarwa.
4. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema.
5. Amsa laifin da aka samu ta hanyar duka ko azaba ba hujja ba ce. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ma ta mai da azabtarwar laifi. Sai dai dole lauya ya yi ƙorafi a daidai lokacin da aka miƙa takardar a kotu.
6. Yana da haƙƙin tafinta kyauta. In ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a wadda aka kafa a 1976. A shari'ar da hukuncinta kisa ne, wajibi ne kotu ta tabbatar yana da lauya.

Hanyoyin kāriya

Ta farko ita ce mutum ya nuna ba ya wurin sa'ad da abin ya faru. Wannan magana tun a ofishin 'yan sanda ake faɗinta, tare da bayanin inda yake da waɗanda yake tare da su, domin a bincika. In aka bari sai a gaban alƙali, ƙarfinta ya ragu.

Ta biyu ita ce tsautsayi, wato mutum yana aikin halal cikin kulawa sai abin ya auku ba da nufinsa ba. Ta uku ita ce taɓin hankali, wanda yake bukatar shaida mai ƙarfi, musamman ta likita. Maye kuwa ba ya wanke wanda ya sha da son ransa.

Ta huɗu ita ce tsokana mai tsanani ta farat ɗaya. Wannan ba ta wanke mutum, tana dai sauko da laifin daga sashe na 221 zuwa na 222. Sharaɗinta shi ne a aikata cikin zafin zuciya, kafin zuciyar ta huce. Wanda ya koma gida ya wasa adda ya dawo, ya riga ya fita daga wannan rangwame.

Ta biyar ita ce kāre kai, kuma ita kaɗai daga cikin biyun nan take wanke mutum sarai. Doka ta yarda mutum ya kāre ransa da na wani, har ma ya kashe maharin in yana da dalilin jin tsoron mutuwa ko mummunan rauni. Amma ta kafa iyaka: kada ɓarnar ta wuce abin da kāriyar take bukata, kuma haƙƙin yana ƙarewa da zarar haɗarin ya wuce.

Shari'ar da ta girgiza mutane

A 2015 wani manomi a jihar Adamawa ya yi artabu da wani makiyayi a gonarsa. Bisa bayaninsa, makiyayin ya kai masa hari da wuƙa ya ji masa rauni, shi kuwa ya ƙwace wuƙar ya soke shi, ya mutu. A 2021 Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin rataya. A watan Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Mafi yawan alƙalan sun ga cewa da ya ƙwace wuƙar haɗarin ya wuce, kamata ya yi ya gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa musu, tana ganin bai dace a bukaci wanda aka riga aka ji wa rauni ya auna komai cikin natsuwa a tsakiyar kokawa ba. A watan Disamba 2025 gwamnan jihar ya yi masa afuwa, bayan fiye da shekara goma a tsare.

Mutane da yawa sun ji zafin hukuncin, kuma muhawara a kansa ba ta ƙare ba. Amma darasin a fili yake: 'yan daƙiƙun da suka biyo bayan ƙwace makami su ne kotu za ta auna. Kada kuma mu manta cewa wanda ya mutu shi ma ɗan wani ne.

Bayan yanke hukunci

Hukuncin Babbar Kotu ba shi ne ƙarshe ba. Akwai kwana 90 na ɗaukaka ƙara, daga Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma kwana 30 zuwa Kotun Ƙoli. Ba a yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba lokacin aikata laifin hukuncin kisa a ƙarƙashin dokar 2015. Sashe na 212 na Tsarin Mulki ya ba gwamna ikon yin afuwa ko rage hukunci. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta ba Babban Jojin jiha damar mai da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, in mutum ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba. Duk da haka, waɗanda suke jiran kisa a gidajen yarin ƙasar nan sun haura 3,000.

Ikilisiya ta yarda da haƙƙin kāre rai cikin iyaka. A 2018 kuma Paparoma Francis ya gyara sakin layi na 2267 na Katekizim, inda aka bayyana cewa hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, domin mugun laifi ba ya shafe darajar ɗan Adam. Neman lauya ga wanda ake tuhuma ba goyon bayan laifi ba ne. Shi ne yake sa a hukunta mai laifi daidai da laifinsa, a kuma saki marar laifi.

Abin da za mu yi

In aka kama wani namu, mu nemi lauya tun ranar farko, mu rubuta sunayen shaidu, mu adana takardar asibiti in an ji masa rauni. Kada mu ɓoye wanda ake nema, kada mu sayi shaidar ƙarya, kada mu ba da cin hanci. In mun ga abin da ya faru, mu faɗi gaskiya ko da wanda za ta taimaka ba ɗan ƙabilarmu ba ne. Mu ziyarci wanda yake tsare, mu kuma je ta'aziyya gidan wanda aka kashe.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Mene ne bambancin tsokana da kāre kai a wajen hukunci?
2. Wane gargaɗi za mu yi wa matasanmu game da bin taro?
3. Akwai wani daga yankinmu da ya daɗe a tsare ba tare da lauya ba? Wa zai bi maganarsa a wannan wata?

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kiyaye hannuwanmu daga alhakin jini. Amin.