Darasi: Yadda Raƙuman Ruwa Suke Karyewa, da Amanar da Ke Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan raƙuman ruwa ne, watau igiyoyin nan da suke tasowa a kan teku, waɗanda aka ambata a cikin Suratun Nur. Tambayarmu ita ce: ina ƙarfinsu yake tafiya idan sun iso gaɓa?

Da farko sai mu sani iska ce take ba su ƙarfi. Idan ta daɗe tana kaɗawa a kan ruwa mai faɗi, sai raƙuman su yi tsawo. Masana sun tabbatar cewa idan tsawon raƙumi ya ninka biyu, ƙarfinsa ninkawa yake yi huɗu. A tsakiyar teku yana iya cin tafiya mai nisan gaske ƙarfin nan bai ragu da yawa ba.

Amma da ya iso inda ruwa ba zurfi, sai tafiyarsa ta ragu, ya tattaru, ya ƙara tsawo. Idan tsawonsa ya kai kamar kashi 4 cikin 5 na zurfin wurin, sai ƙoƙuwarsa ta rinjayi gindinsa, ya kifo. A nan ne ƙarfin yake watsewa: wani ya tafi wajen birkita ruwa da tayar da kumfa, wani ya zama rugugin da ake ji, wani ya tafi wajen jan yashi da tsakuwa. Daga ƙarshe yawancinsa ɗumi yake zama, kaɗan ƙwarai, yadda hannu ba ya ji. Saboda haka gaɓa mai gangare da duwatsu takan cinye ƙarfin raƙumi sannu a hankali, amma miƙaƙƙen bango mayar da shi yake yi baya, ruwa kuwa ya riƙa ƙwaƙule gindinsa.

To, kada mai karatu ya ce mu da ba mu da teku ina ruwanmu. Manoman Kadawa, da na Kura da Bunkure, da ruwan madatsar Tiga suke noman rani, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Madatsar nan jibgin ƙasa ce, tafkinta kuwa yana da faɗin da iska take tayar da raƙuma a kansa. Shi ya sa ake jere manyan duwatsu a fuskar irin wannan madatsa, domin raƙuma su karye a kansu, ruwan ya rarrabu cikin tsakankaninsu kafin ya taɓa ƙasar. Hikima ɗaya ce da ta siminti da duwatsun da ake sa wa magudanai inda ruwa yake faɗowa: a bar shi ya gaji a wurin da ba zai yi ɓarna ba.

Ashe ke nan dutsen da mutum ya gani a bakin madatsa ko magudana ba yasasshe ba ne, aiki yake yi dare da rana. Wanda ya kwashe shi don ginin gidansa, ko ya fasa gefen magudana don ya ja ruwa gonarsa, ya ci amanar jama'a, ya buɗe wa ruwa ƙofa. Mutanen Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda ba a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa. Dalilinta dabam ne, amma ta nuna abin da ruwa yake yi idan ya kuɓuce. Suratu Saba'i kuma ta ba da labarin ambaliyar da ta lalata gonakin mutanen Saba'u a ƙasar Yaman.

Don haka muna kira ga limamai da masu unguwanni su riƙa tunatar da jama'a. Wanda ya ga duwatsu sun zame, ko ruwa yana cin gefen magudana, ya hanzarta sanar da ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tun ɓarakar tana ƙarama. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa.