Kafireto Mai Yoyo: Gyara ko Sauyi?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗigon mai daga kafireto ya zama asarar da mai motar haya ba zai kau da kai a kanta ba, musamman masu tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ban da kuɗin mai, fetur da ya ɗiga a kan injin mai zafi yana iya ta da gobara.

Abin da zai yanke hukunci shi ne inda yoyon yake. Sau da yawa laifin na gasket ne da ya bushe, ko na allurar da ke toshe hanyar mai idan kwanon kafireto ya cika. In ta cinye, mai zai yi ta ambaliya, har ya gangara ya tsinka baƙin mai. Waɗannan ƙananan kaya ne masu araha. Bakanike ya kwance, ya wanke, ya sa sababbi, aiki ya ƙare.

Amma idan jikin kafireton ya tsage ko ya lanƙwashe, ko ramin sandar totur ya yi faɗi har iska na shiga, gyara ɓarnar kuɗi ne, sai sauyi.

A nan ne mutane kan yi kuskure. Na hannu da ake saya a Ladipo ta Legas ko Panteka ta Kaduna shi ma tsoho ne. Kafin a biya, a girgiza sandar totur ɗinsa, a kuma sa kuɗin sabon gasket da allura cikin lissafi.